Jan Biro a Kan Gaskiya: Rigimar “Oldest” da “Eldest” a Azuzuwanmu



A mako na uku na wannan zango wata maƙwabciyarmu ta aiko 'yarta gidana da littafin insha'i a hannu, wai in duba mata laifin da yarinyar ta yi har ta dawo gida ido ya yi ja. Yarinyar tana aji biyu na ƙaramar sakandare. An ce kowa ya rubuta shafi guda a kan gidansu, ta zauna ta rubuta. A layi na huɗu ta ce “My oldest brother is a tailor”, wato babban wanta tela ne. Malamin ya zagaye kalmar “oldest” da jan biro har takardar ta kusa hujewa, ya rubuta “eldest” a samanta, ya zabge maki, sannan ya ƙara wata kalma a gefen shafi wadda ba zan maimaita ta a nan ba, domin iyalanmu ma suna karanta wannan mujalla. Ba zan ambaci makarantar ba, ba kuma zan ambaci malamin ba. Abin da ya yi ni ma na yi shi shekara da shekaru, ga yaran da yanzu wasunsu sun yi aure har sun hayayyafa.

Jimlar yarinyar daidai take. Babu kuskure a cikinta ko na wasali ɗaya. Baturen Ingila zai faɗe ta haka, na Amurka ma haka zai rubuta ta a jarida ba tare da edita ya ɗaga gira ba. Wanda ya yi kuskure a wannan shafi shi ne mai riƙe da jan biron, kuma kuskurensa gado ne. Malamansa suka ba shi, su ma nasu malaman suka ba su.

Kowa a cikinmu ya san ƙa'idar, domin da bulala aka shigar mana da ita: wai “elder” da “eldest” na mutane ne, “older” da “oldest” kuwa na dabbobi ne da bishiyoyi da gine-gine. Ƙa'ida ce mai daɗin haddacewa, mai sauƙin rubutawa a allo, mai sauƙin maki. Aibinta ɗaya ne: rabinta gaskiya, rabinta ƙarya, kuma rabin ƙaryar muke hukunta yara da shi.

Rabin gaskiyar shi ne, ba a cewa “eldest” ga abin da ba mutum ba. Makarantar CMS Grammar School ta Legas, wadda aka buɗe a 1859, ita ce “oldest” a cikin makarantun sakandaren Nijeriya, kuma duk wanda ya kira ta “eldest” ya yi ɓaranɓarama. Haka kukar da ta fi kowace daɗewa a gari, haka rijiya, haka masallaci. Amma daga nan ba ya zama dole a ce “oldest” ta haramta ga mutane. Don an ce Juma'a ake sa babbar riga, ba a ce ranar Juma'a an hana sa kaftani ba. Kalmar “oldest” tana shiga ko'ina: mutum, doki, gini, al'ada, duk tana ɗauka. Kalmar “eldest” ce mai ƙunci. Ba ta fita daga cikin mutane, kuma ko a cikin mutanen ma ta fi zama a tsakanin 'yan gida ɗaya. Duk inda “eldest” ta zauna, “oldest” za ta iya zama a wurin. Ba duk inda “oldest” ta zauna “eldest” ke iya leƙawa ba. Wanda ke shakka ya ɗauko ƙamusun Oxford na masu koyo, wannan da muka fi sani da sunan Hornby, wanda ƙura ta rufe a kan kabad ɗin ɗakin malamai, ya buɗe wajen kalmar “old” ya karanta bayanin da aka yi a kan amfani da ita. Ba minti biyar zai ɗauka ba. Ni na yi shekaru fiye da goma ina koyarwa kafin in ba da waɗannan mintuna biyar ɗin.

Bambancin da ke tsakanin kalmomin biyu na gaske, wanda ya kamata mu koyar, ya fi ƙa'idar bogin daɗi. “Oldest” tana ƙirga shekaru. “Eldest” tana duba layin haihuwa, wa ya riga wa zuwa duniya a cikin gida. Yaro ɗan shekara biyar mai ƙanne biyu shi ne “eldest” a ɗakinsu, alhali ko haƙorin madara bai famfare ba. Tsufa ba ya cikin maganar. A ɗaya gefen kuma ga Jeanne Calment, Bafaranshiyar da aka haifa a 1875 ta rasu a 1997 tana da shekara 122, wadda a rubuce ba a san wanda ya kai ta daɗewa a duniya ba. Ita ce “oldest” a tarihin da aka tantance, amma ba ta taɓa zama “eldest” a gidan ubanta ba, domin tana da wa. Sarkin Ingila na yanzu, Charles, ya haɗa kalmomin biyu a jikinsa: shi ne “eldest” a 'ya'yan Sarauniya Elizabeth su huɗu, kuma da ya hau gadon sarauta a 2022 yana da shekara 73, ya zama “oldest” a cikin waɗanda suka taɓa hawa wannan gado. Ɗansa William kuwa “elder son” ake ce masa a rubutun da ake tsantseni, saboda su biyu ne kawai maza, kuma “eldest” tana son uku ko fiye. Wannan darasi ne na minti ashirin, yaro zai fita da shi a kai har abada, kuma ba a buƙatar a yi masa ƙarya a ciki.

Ga mai son sanin asalin abin, domin na san a cikinmu akwai masu son tono. Shekara dubu da suka wuce Turawan Ingila ba su da “older” da “oldest”. Abin da kakanninsu ke faɗa shi ne ya zama “elder” da “eldest” na yau. A wani zamani can baya ɗafa-ƙeyar da ke nuna fifiko tana ɗauke da wasalin i, shi kuwa wannan wasali ya janyo wasalin tushen kalmar zuwa gaba, daga bisani ya ɓace ya bar sawunsa. Wannan aikin ne ya ba da “men” daga “man”, da “feet” daga “foot”, da “length” daga “long”, da “strength” daga “strong”. Bahaushe bai kamata ya yi mamakin wannan ba, domin wasalin i da ɗan'uwansa e suna yi mana irin wannan ɓarna kullum, sai dai mu baƙi suke taɓawa: mota ta zama motoci, kaza ta zama kaji, ƙasa ta zama ƙasashe. Daga baya masu magana suka gaji da kalmar da ba ta kama da uwarta, suka ƙera “older” da “oldest” kai tsaye daga “old”, kamar yadda yaro ke ƙera jam'i bisa abin da kunnensa ya saba ji. Cikin ƙarnukan da suka biyo baya sababbin suka mamaye fili, suka tura tsofaffin lungu. “Long” da “strong” ma sun taɓa samun irin waɗannan siffofi masu wasalin e, nasu sun mutu murus, ba wanda ya yi musu zaman makoki. “Elder” da “eldest” sun tsira ne kawai saboda sun samu mafaka a cikin gida, wurin maganar gado da sarauta da wanda zai riƙe iyali. Wato “eldest” ita ce ya, “oldest” ƙanwa, amma ƙanwar ce ta gaji gidan, yayar tana zaune a ɗaki ɗaya. A zamanin Shakespeare, wanda ya rasu a 1616, ana ma bin “elder” da “than”, abin da yau muke zabge wa yaro maki a kansa, kuma da gaskiyarmu, domin harshen ya bar shi. Abin lura shi ne harshe yana tafiya, ƙa'idar da muka rubuta a littafin shirin darasi kuwa tana nan inda muka ajiye ta.

A Amurka yau “older brother” da “oldest son” su ne maganar kowa, a baki da a rubuce. A Ingila ma a hirar yau da kullum su suka fi yawa, “elder” da “eldest” sun fi fitowa a rubutu mai nauyi, irin sanarwar rasuwa da tarihin rayuwa da takardun lauyoyi. Yaranmu suna jin wannan a talabijin, suna ganinsa a wayoyin iyayensu, sannan su zo aji mu ce musu kuskure ne. Wa kuke tsammanin za su yarda da shi nan da shekara biyar?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a duk duniya ɗan Bahaushe yana cikin waɗanda suka fi cancanta su fahimci wannan darasi cikin sauƙi, mu kuma muka mai da shi dutse. Turanci talaka ne a wannan fage. “Brother” kawai yake da ita, da “sister”, sai ya jingina musu siffa kafin a san babba da ƙarami. Mu kuwa yaro tun bai iya ɗaura wando ba ya san wa, ya san ya, ya san ƙane da ƙanwa. Ya san ɗan fari, wanda uwa ke jin kunyar kiran sunansa. Ya san auta, wanda ake shagwaɓawa. Ya ji ana cewa babban wa magajin uba, ya kuma ga abin da hakan ke nufi ranar da aka yi rashi a maƙwabta, ya ga wanda aka zaunar a gaba ana yi wa ta'aziyya. Idan ka ce masa “eldest” ita ce babban wa ko babbar ya, “youngest” ita ce auta, “oldest” kuwa ita ce wanda ya fi kowa shekaru ko a gida ko a kasuwa, ka gama darasin. Amma a makarantu da yawa an kafa dokar cewa Hausa ba ta shiga darasin Turanci, har akwai inda ake cin tarar yaro in ta suɓuce masa. Sai muka rufe ƙofar da ke buɗe, muka ce yaro ya shiga ta taga.

Ku dubi gidan da ke da mata fiye da ɗaya, wanda rabin ajinmu daga irinsa suka fito. Yarinya tana iya zama babba a ɗakinsu, amma ta biyar a wajen uba. Idan ta rubuta “I am the eldest”, gaskiya ta faɗa ko ƙarya? Littafin da aka rubuta don gidan mutum huɗu a Landan ba shi da amsa. Malamin da ya san gidajen garinsa yana da ita: ya koya mata ta ce “my mother's eldest child”, magana ta fita sarai. Ku dubi uwargida kuma. Da Turanci “senior wife” ake ce mata, kuma fassarar ta yi daidai, domin kowa ya san gidan da amarya ta girmi uwargida da shekaru, bazawara ce aka auro daga baya. Uwargida tana nan a matsayinta, ita ce “senior”, amarya kuwa ita ce “older”. Ko ƙanen uba da aka haifa bayan ɗan wansa: ɗan ya girme shi, amma dole ya ce masa Baffa, ya kuma durƙusa ya gaishe shi ranar Salla. Girman shekaru daban, girman haihuwa daban, girman matsayi daban. Yaron ƙauye ya san wannan kafin ya taka ƙofar firamare. Turanci ya raba su da “oldest” da “eldest” da “most senior”. Aikinmu shi ne mu ɗora kowace kalma a kan abin da yaron ya riga ya sani.

Wannan ya kawo mu ga “senior brother” da “junior sister”, waɗanda wasunmu ke yi wa kallon ƙazanta. Daga Sakkwato har Fatakwal haka 'yan Nijeriya ke faɗa, farfesa da ɗan acaɓa, kuma ba jahilci ya haife su ba. Bahaushe yana da wa da ƙane, Bayarabe yana da nasa kalmomin biyu na babba da ƙarami, dukkanmu mun ɗauki harshen da ba ya bambance 'yan'uwa muka tilasta masa ya bambance, kuma muka zaɓi kalmar da ke ɗauke da girmamawa, domin a wurinmu wa ba shekaru kawai ya fi ka ba. Har “he seniors me” da ake ji a bakin yara, ku saurara da kyau, “ya girme ni” ce ta sa kwat. Ba na cewa a bar yaro ya rubuta ta a jarrabawa. Ina cewa a gaya masa gaskiya: wannan Turancin gida ne, kowa zai gane ka daga nan har Ikko, amma a takardar jarrabawa da wasiƙar neman aiki ka rubuta “elder brother” ko “older brother”, domin su duniya ta sani. A watan Janairun 2020 babban ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomi da maganganu 29 na Turancin Nijeriya, ciki har da “okada” da “Kannywood” da “next tomorrow”. Masu harshen sun yarda cewa akwai Turancinmu. Mu ne har yanzu muke gaya wa yaro cewa abin da ubansa ke faɗa shirme ne, maimakon mu nuna masa cewa riga biyu yake da su, ya san wurin sa kowace.

Na san abin da za a ce mini, domin an faɗa mini shi a ɗakin malamai da na ta da maganar. Wani abokin aiki, dattijon kirki wanda ya riga ni shiga aikin nan, ya ce: “Malam, duk wannan tarihi naka yana da kyau, amma yaran nan jarrabawa za su zauna. Ba kiredit a Turanci, ba jami'a. Ka bar mu mu koya musu abin da zai fishe su.” Maganarsa tana da nauyi, ban raina ta ba. Yaron da ya faɗi Turanci a WAEC ko NECO ya zauna gida shekara guda, uban da ya sayar da buhun masara ya biya kuɗin rajista ba zai tambaye mu tarihin wasali ba. Kuma gaskiya ne, a littattafan tambayoyin canki-canka da ake sayarwa a kasuwa, in aka kawo jimla a kan 'ya'yan gida ɗaya aka jera “eldest” cikin zaɓi, galibi ita ake nema.

Amsata ita ce, gaskiya ba ta hana cin jarrabawa. Ka gaya wa yaro: in ka ga tambaya a kan 'yan gida ɗaya, uku ko fiye, kuma “eldest” tana cikin zaɓi, ɗauke ta, domin ita mai tambayar ke farauta. Wannan dabara ce, kuma halal ce. Amma yaron da aka koya wa ƙa'idar bogi shi ne ke cikin haɗari. Ranar da aka kawo masa jimla a kan wanda ya fi kowa tsufa a ƙauye, zai tuna cewa “eldest” ta mutane ce, ya zaɓe ta, alhali “oldest man in the village” ake cewa. Ranar da aka kawo masa “Musa is dash than Audu”, zai tuna cewa Musa da Audu mutane ne, ya zaɓi “elder”, ya faɗi warwas, domin “than” ba ta bin “elder” a Turancin yau. Na sha ganin wannan kuskure a takardun gwaji, kuma na daɗe ina ɗora laifin a kan yaran kafin in gane cewa biyayya suke yi mini. Abin da na koya musu suka bi, shi ya kai su rami.

Kurakuran da suka cancanci jan biro suna nan birjik, ba sai mun ƙirƙiro wasu ba. “Elder than” kuskure ne. “More older” da “most oldest” kuskure ne, an ɗora fifiko a kan fifiko. “Senior than” kuskure ne, “senior to” ake cewa. “My elderly brother” kuwa, wadda na gani fiye da sau ɗari, ta mai da saurayi ɗan shekara ashirin tsoho mai sanda, domin “elderly” ladabtacciyar hanya ce ta cewa mutum ya manyanta. A nan ya kamata tawadarmu ta ƙare.

Kada kuma a ɗauka maganar ta tsaya a kan yara. Mu kanmu waɗannan kalmomi suna taɓa tuwonmu. Wasiƙa takan zo cewa shugaban makaranta ya miƙa ragama ga “the most senior teacher”, sai ɗakin malamai ya rabu biyu. Wasu su dubi mai furfura, wasu su dubi wanda ya fi daɗewa a makarantar, alhali abin da wasiƙar ke nufi shi ne wanda ya fi matakin albashi, in an yi kunnen doki a duba wanda ya riga samun ƙarin girma. Na ga inda aka yi wata biyu ba a gaisawa a kan wannan. Mai shekara 58 da ya shigo da takardar daraja ta biyu shi ne “oldest”, wataƙila kuma shi ne “longest-serving”, amma matashiyar da ta shigo da digiri ta wuce shi mataki ita ce “most senior”, ko ana so ko ba a so. Ko wannan tsari adalci ne, magana ce ta wani shafin, kuma ina da abin faɗa a kanta. Amma ba za mu iya yin jayayya da tsari ba in ba mu karanta kalmominsa daidai ba. Dokar ritayar malamai da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2022 ma a kan ma'auni biyu ta tsaya, shekara 65 da haihuwa ko shekara 40 a bakin aiki, a maimakon 60 da 35 na da. Ɗaya tana ƙirga tsufanka, ɗaya tana ƙirga daɗewarka, kuma wadda ta riga cika ita ke sallamar ka.

Kalmar “senior” ɗin ma asalinta tsufa take nufi. Daga Latin ta fito, daga kalmarsu ta tsoho, kuma daga wannan tushe aka samu “senate”. Wanda ya fara fassara ta da Majalisar Dattawa ya san aikinsa. Sai dai tsarin mulkinmu ya yarda ɗan shekara 35 ya shiga wannan majalisa, kamar yadda Larabawa ke kiran matashin malami shaihi, kalmar da ita ma tushenta tsufa ne. Ko'ina a duniya kalmar shekaru takan zame ta koma kalmar matsayi. Mu ma muna cewa tsohon gwamna ga mutumin da bai kai hamsin ba, muna cewa tsofaffin ɗalibai ga yaran da suka gama bara, su ma Turawa “old boys” suke ce musu. Ga darasi mai rai, wanda zai sa aji ya yi dariya ya kuma yi tunani, mun bar shi mun rungumi layi ɗaya na hadda.

Wani zai ce, duk wannan dogon rubutu a kan maki ɗaya? Ba makin ne ya dame ni ba. Yarinyar nan ta zauna ta yi tunani a kan gidansu, ta nemo kalma da kanta, ta gina jimla mai kyau a harshen da ba a yi mata goyo da shi ba, sakamakon da ta samu shi ne zagi a gefen shafi. Darasin da ta koya ba na nahawu ba ne. Ta koyi cewa ƙoƙarin kai haɗari ne. Irin wannan yaro shi ne gobe zai haddace insha'in wani daga littafin kasuwa ya juye mana shi kalma da kalma, mu kuma mu taru a taron bita muna kukan cewa yaran yanzu ba su iya rubutu ba. Ajin mutum tamanin, alli a aljihunmu muke saye, albashi sai ya ga dama, duk na sani, a cikinsa nake. Waɗannan ba mu muka jawo su ba, kuma ƙungiya tana nan tana fafutuka a kansu. Amma ƙa'idar ƙarya da ke cikin littafin shirin darasinmu ba gwamnati ta rubuta ta ba, kuma gyaranta ba ya jiran kasafin kuɗi. Muna neman jama'a su ɗauke mu ƙwararru kamar likita da lauya. Likitan da ya ci gaba da ba da maganin da aka daina amfani da shi, don kawai shi aka koya masa a makaranta, mun san sunan da muke kiransa da shi.

Na zaunar da yarinyar na yi mata bayani da Hausa, da misalin gidansu. Cikin minti goma ta gane, har ta gyara mini, ta ce ai telan ba shi ne ɗan farin babansu ba, akwai wata yayarsu a ɗakin uwargida, shi dai babba ne a cikin maza. Na ce to kin ga, “oldest brother” ɗinki ta zauna daram. Sai ta tambaye ni: “To Baba Malam, gobe in an sake ba mu, wanne zan rubuta?” Na yi shiru, sannan na ce ta rubuta “eldest”, tunda ita ma daidai ce kuma ita malaminta ke so. Ban ji daɗin bakina ba. Bayan mako biyu uwarta ta sake aiko ta da littafin. An ba su wani insha'in, ta samu maki mai kyau. Na karanta daga farko har ƙarshe, jimloli gajeru, babu siffa ko ɗaya, kuma inda ya kamata telan ya fito ta rubuta “I have four brothers” ta wuce.

Na roƙi sakataren reshe ya sa wannan batu cikin ajandar taronmu na wata mai zuwa, a ware awa ɗaya bayan an gama maganar bashin ƙarin girma. Malaman Turanci na firamare da na sakandare, kowa ya zo da ƙamus in yana da shi, ya kuma zo da ƙa'ida ɗaya da yake koyarwa wadda bai taɓa bincikawa da kansa ba. Ni zan zo da tsohon littafin shirin darasina. Shafin yana nan, da rubutun hannuna, “eldest” ta mutane “oldest” ta abubuwa, an ja layi biyu a ƙarƙashi, hedimastan wancan lokacin ya sa hannu a ƙasa da koren biro.